Gyaɗa Ba Ta San Kunya Ba

Zuwa ga mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya kai ka Kebbe lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na abin hawa, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa wannan aiki ya zame maka alheri duniya da lahira.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da ɗakinsa ke kallon naka. Kai ne ɗan fari, ga shi kuma sunan mahaifina aka sa maka, shi ya sa shekara ashirin da biyar muna zaune gida ɗaya kamar maƙwabtan da suka taɓa rigimar iyakar gona: a gaisa, kowa ya kama gabansa. Abin da baki ya kasa, bari alƙalami ya gwada. Na ba innarka ta miƙa maka a ƙofa. Ka karanta a cikin mota, kafin ka sa komai a bakinka a garin can.

Ranar da takardar ɗaukarka aiki ta zo na yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Malamin gona! Duk ayyukan da ke ƙasar nan, wanda aka ga ya dace da kai shi ne ka bi ƙauyukan Kebbe kana koya wa manoma yadda za su ƙara yawan abin da ƙwayarsa ɗaya ta isa ta kai ka kabari. Kuma kowane ƙauye ka sauka sai an ajiye maka kwano, kuma za ka zauna a gidan goggonka Asabe, inda ba a san miya ba tunkuzar gyaɗa ba.

Ka fi ni sanin ciwonka. Ka san yadda yake farawa da ƙaiƙayin leɓe, fuska ta kumbura, sannan maƙogwaro ya fara tsukewa kamar ana jan bakin zabira. Ba sai na koya maka wannan ba. Abin da ba ka sani ba shi ne rabona a cikin wahalar da ka sha. Gyaɗa ta yi nata, amma gyaɗa ba ta da hankali. Ni ina da shi, har da takardun shaida rataye a bango.

Kana da shekara uku abin ya fara fitowa fili. Kafin nan kakan yi borin jini jefi-jefi, mu ce zafi ne, a shafa maka farar ƙasa. Akwai maƙwabciyarmu Kulu, mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, ga ta da son yara. Wata ranar kasuwa da hantsi ta ba ka ƙuli-ƙuli biyu a ƙofar gidanta. Kafin ka iso zaurenmu idanunka sun rufe. Kakarka Hajja, Allah ya jiƙanta, ta dube ka sau ɗaya ta yanke hukunci.

"Kulu ta kama kurwar yaron ga. Dama na faɗi. Macen da ba ta haihu ba tana kallon ɗiyan mutane haka, ai da walakin."

Kafin azahar unguwa ta cika gidanmu. Aka jawo Kulu, aka kwantar da kai a tsakar gida, aka ce ta tsallake ka sau uku ta sake ka. Tana kuka tana cewa, "Malam, kai ka yi karatu, ka gaya musu." Ni take nufi. Ina tsaye jikin rumbu da littafi a hammata. Ta tsallake. Zuwa la'asar kumburin ya saɓe don kansa, kamar yadda yakan yi a wancan lokacin, kowa ya ce, "Kun gani ko? Ta sake shi."

Da na so in ce maka ban sani ba. Amma na ga ɓurɓushin ƙuli a tafin hannunka, kuma na taɓa karanta cewa akwai jikin da ba ya karɓar wani abinci. Zargin ya zo mini ina tsaye a wurin. Sai na yi awo. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa Hajja ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifina Malam, da su ta kai ni makaranta. In buɗe baki a gaban unguwa in ce uwata ta yi kuskure, kuma sana'arta ce dafin jikanta? Na ga maitar Kulu ta fi sauƙin ɗauka. Ba ta ƙara wata uku ba ta koma wurin danginta a Dogon Daji, don yara sun fara jifan ƙofarta. Na yi ta cewa zan je in roƙe ta gafara. Dogon Daji ba nisa, a kan hanya take, na wuce ta a mota ya fi a ƙirga. Ranar da na sauka, kabarinta aka nuna mini.

Saboda haka, duk ranar da jikinka ya motsa, ka duba cikin kwano, kada ka duba fuskokin mutane. Tsoro ba ya son zama shi kaɗai, kullum neman wanda zai ɗora wa laifi yake yi, kuma yakan zaɓi wanda ba shi da mai tsaya masa. Matar da za ta ajiye maka kwaɗon zogale a ƙauye ba maƙiyiyarka ba ce, ta ba ka mafi kyawun abin da take da shi ne. Ka ƙi abincin, ka riƙe mutuniyar. Idan ka bar zuciyarka ta fara ganin kowane mai girki a matsayin mai neman ranka, ba za ka ƙara cin abinci ya zauna maka ba, ko da kai ka dafa.

Kana da shekara bakwai muka kai ka wurin likita a Sakkwato, bayan kunun gyaɗa na buɗa-baki ya kusa tafiya da kai. Likitan matashi ne, Hausarsa ba ta gama nuna ba. Ya ce, "Malam, wannan ba ƙin abinci ba ne. Jininsa yana ɗaukar gyaɗa abokiyar gaba. Na gaba zai iya fin wannan. Wata rana ba za ku iso nan ba." Yana magana ina gyara masa Hausa a zuci. Haka mu masu karatu muke yi idan aka faɗa mana abin da ba mu son ji.

Tsakanin Sakkwato da garinmu Tambuwal na sauya wa maganar riga. Da muka iso dangi suka taru suna tambaya, na ce, "Ba wani abu ba ne. Yaron ba ya son gyaɗa, likita ya ce a ƙyale shi." Innarka ta ɗago ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Na gaya wa kaina cewa ina kare ka ne, kada a ce gidanmu akwai ciwon gado a hana ka mata wata rana. Gaskiyar ita ce, in na faɗi abin da likita ya faɗa, dole wani ya tuna da Kulu, kuma dole ya tuna wanda ya tsaya jikin rumbu. Ƙarya ɗaya ba ta iya tsayawa sai an kafa mata wata ta jingina.

Tsakanin "ba ya so" da "tana kashe shi" akwai tazarar kabari. Wanda ba ya son abu ana lallashinsa, ana yi masa dariya, ana cewa ɗan taɓa ka ji. Ni na sa ka a wannan sahu, kuma duk abin da ya biyo baya daga nan ya tsiro.

Ka tuna ranar babbar salla kana da shekara goma sha biyu? Na san ka tuna ɓangarenka. Ga nawa. Muna ciyayya a ƙofar gida bayan saukowa daga idi, kowane gida ya fito da kwanonsa, dattawan unguwa sun kewaye tabarma. Baffa Umaru, ƙanen mahaifina, wanda yake kiranka yayansa saboda sunanka, ya ɗauko tsinken tsire jajir da yaji ya miƙo maka da hannunsa.

"Karɓi, Yaya. An ce wai kai ba ka son ƙuli. Yayana da na sani, da ƙuli a aljihu yaka zuwa masallaci."

Aka yi dariya. Ka ɗago ka dube ni. Ban manta wannan kallo ba, kuma ba na fatan in manta, don ban cancanta ba. Na dubi tabarma. Uba ba ya tsoma baki a kan ɗan fari a gaban manya, ba ya nuna ya san da zamansa ma. Haka aka yi mini, haka na ga ana yaba wa maza. Ka karɓa ka ci.

Na ga lokacin da ka fara sosa wuya. Na ga lokacin da ka tashi ka jingina da bango. Hannuna yana cikin kwano. Na kai loma uku bayan haka, na ƙirga su, har yau ina jin su a nan. Ina jira wani ya fara magana, don kada a ce Malam ya ruɗe a kan ɗansa. Innarka ce ta leƙo ta zaure ta gan ka. Ta fito ba mayafi, ba takalmi, ta ratsa tsakiyar maza ta taka kwanon wani, ta saɓe ka a kafaɗa kana ƙato, ta tsaya tsakiyar titi ta tare mai babur. Sai da suka ɓace na wanke hannu na bi su.

Wata guda ana zancen a unguwa. Ita aka ce ba ta da kamun kai. Ni aka ce, "Malam akwai kara, ɗansa na shure-shure ko gezau bai yi ba." Na karɓi yabon. Har na ce, "Ai komai na Allah ne."

Ina son kunya, kada ka ce na ce a zubar da ita. Ita ta sa muke zaune lafiya da juna a garuruwan nan. Amma an yi ta ne don mutane, gyaɗa ba ta san ta ba. Ba ta san hannun dattijo ba, ba ta san ranar salla ba, ba ta san cewa kai baƙo ne ba. Idan babba ya miƙo maka abin da ka san zai taɓa ka, ka durƙusa har ƙasa, ka gaishe shi da sunan da ya fi so, ka ce a'a. In ya sake miƙowa, ka sake cewa a'a. Za a ce ba ka da tarbiyya, za a tambayi ɗan wane ne. Ka faɗa musu, na yarda a zage ni. Kuma in abin ya riga ya shiga, kada ka koma gefe ka jingina da bango don kada ka ɓata wa mutane cin abinci. Ka yi ihu. Ka ture kwano. Ka yi abin da innarka ta yi.

Bayan wannan ne ta tsaya kai da fata sai da muka koma wurin likita ya rubuta maka allurar gaggawa, wadda ake cakawa a cinya. Ita ta koyi yadda ake yi. Ni na karanta takardar da ke cikin kwalin tun daga sama har ƙasa, har da inda aka buga ta, amma ban taɓa iya caka maka ita ba.

Sai bikin Kebbe, kana da shekara goma sha bakwai. Taubashinka Bello, ɗan goggonka, ya ji tun yana ƙarami ana cewa ɗan kawunsa na Tambuwal ba ya son gyaɗa. Daga bakina ya ji. Me ake da taubashi in ba tsokana ba? Ya dandaƙa ƙuli ya barbaɗa maka cikin fura, ya koma gefe da abokansa suna jiran su ga ɗan boko ya shanye abin da yake yi wa yanga. Ka sha rabin ƙwarya. Da ba don innarka tana ɗauke da allurar a ƙugunta ba, da a can muka bar ka. Ka san hanyar nan, ka san damina. Muka ɗauko ka a bayan wata akori-kura, tana tafiya tana zamewa a laka, Bello yana riƙe da ƙafafunka yana cewa, "Wasa nika yi, wallahi Kawu wasa nika yi."

Ubansa, Alhaji Sanda, ya yi masa dukan da ya kwana biyu bai fita ba. Amma ba don ƙuli ba, don ya ɓata taron biki. Da aka tambaye ni me ya same ka, ka san abin da na ce? Na ce asma ce ta tashi saboda ƙurar taro. Na sami ƙofa a buɗe, gaskiya tana tsaye a bakinta, na sake rufewa. Bello ya san abin da hannunsa ya yi, kuma shekara takwas ke nan yana ɗauke da shi. Ka lura ko gaisawa kuke yi ba ya kallon idonka.

Ga abin da nake so ka riƙa faɗa, kuma kada ka rage masa nauyi don ka ga fuskar mai gida ta canza: "Gyaɗa tana rufe mini numfashi. Ko manta, ko ƙulinta, ko ludayin da ya taɓa ta. An taɓa ɗauke ni kamar gawa saboda ita." Kada ka ce ba ka so. Kada ka ce ka ƙoshi, don mai ƙoshi ana ajiye masa zuwa anjima. Kada ka ce kana azumi, don rana tana faɗuwa.

Bello kuma ka yafe masa, laifin nawa ne. Ka kira shi gefe a ranar farko, ka nuna masa allurar, ka nuna masa wurin a cinya, ka sa ya gwada riƙewa har sai hannunsa ya tsaya. Duk Kebbe babu wanda zai tsare ka kamarsa, don shi ya gani da idonsa. Kada ka bar allurar ƙarƙashin kujerar babur, rana tana lalata ta. Kuma kada ka ɗauka ƙwayar maganin ƙaiƙayi za ta buɗe maƙogwaro. Ko ka yi allurar ka ji sauƙi, a wuce da kai asibiti, haka likita ya ce.

Yanzu na zo kan wanda ya fi ba ni kunya, don shi ba a gaban jama'a na yi shi ba, a cikin gida na yi shi, kullum, da niyya mai kyau.

Bayan Kebbe na juya gaba ɗaya. Mutumin da ya ci loma uku ɗansa na shaƙewa ya koma mai sunsunar kwano. Na ware maka kwano da cokali da kofi. Na hana ka zuwa biki, na hana ka zuwa suna, na hana ka zama wurin mai shayi don ana soya ƙwai da mai a can. In kana cin abinci sai in zo in tsaya daga nesa, kamar ina neman wani abu a tsakar gida, in ce wa innarka, da ƙarfi don ka ji, "Tambaye shi, wuyan nasa lafiya?" Sau biyar, sau shida, kafin ka gama. Ka fara tauna loma ɗaya kana sauraron jikinka kamar mai jiran ɓarawo. Ka fara barin rabin tuwo. Ka rame har wuyan rigarka ya yi maka yawa. Abokanka suka gaji da kiranka suka daina.

Sai ranar da ka ci farar shinkafa da manja, wadda innarka ta dafa da hannunta a tukunyarka, ka fito da gudu kana riƙe da wuya kana cewa ya rufe. Muka kwasa zuwa asibiti. Aka duba, ba kumburi, ba borin jini, iska tana shiga tana fita. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, tsoro ne. Zuciyarsa ce take gudu." Muna fitowa na ce maka, a gaban masu babur, "Ƙato da kai, shinkafa ma ta zama dodo? Ka ba mu kunya a banza."

Ni na shuka, ni na yi ban-ruwa safe da yamma, da ya fito na ce wa ya kawo wannan ciyawa. Tun daga ranar ba ka ƙara gaya mini kana jin tsoro ba. Na ɗauka ka warke. Daga baya na gane ka daina faɗa ne kawai. Ina ganin yadda kake juya cokali a cikin miya har yau.

Ba zan ce maka kada ka ji tsoro ba, wannan maganar waɗanda ba su taɓa ganin fuskarka a kumbure ba ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma sai ya yi tsalle, kuma ba wauta ba ce. Amma ka ba tsoron aiki, ka kuma yanka masa lokacin tashi. Aikinsa kafin cin abinci ne. Ka tambayi mai girkin da bakinka, ba ɗan aike ba: da wane mai aka yi, me ke cikin yajin, kuma turmin ko injin da aka niƙa ya taɓa gyaɗa? In amsa ɗaya ta zo da "ina jin" ko "ai ɗan kaɗan ne", ka bar shi. In duka sun fita, ka yi bismilla ka ci kamar mutum, ka bar tsoron a waje da takalmanka. Tambayar da aka yi bayan loma ta wuce ba ta tsare kowa, sai dai ta hana barci.

In zuciyarka ta fara gudu, ka zauna, ka kira wani ya dube ka: leɓe ya tashi? Fata ta yi ruɗu-ruɗu? Murya ta canza? Sau da yawa za a ce babu, kuma zai wuce kafin shayi ya huce. Amma in kana shakka, ka caka allurar a tafi asibiti, ko da za a dawo ana yi maka dariya. Gara a je sau goma a banza. Duk wanda ya ce ka ba shi kunya, ka ce masa ka taɓa jin wannan daga wanda ya fi shi kusa, kuma shi ma ya yi nadama.

Kuma kada ka ci kai kaɗai. Wannan ne ya fi cinye ka a gidan nan, ba yunwa ba. Ka ɗauki kwanonka ka je ka zauna a tabarmar mutane. In ka shiga ƙauye ka riƙe dafaffen ƙwai da ɓawonsa, ko rake, ko mangwaro, ka ce, "Naku ya fi ƙarfina, amma ga nawa mu taɓa." Za su yi maka ba'a kwana uku, su sa maka suna, a rana ta huɗu wata tsohuwa za ta wanke tukunya daban saboda kai. Mutanenmu suna da taurin kai, amma ba su da mugunta irin yadda na sa ka zata.

Ni ma ban warke ba, gara ka sani. Duk babur ɗin da ya taka birki da ƙarfi a ƙofar gidan nan, sai na leƙa zaure. Duk wayar da ta yi ƙara lokacin cin abinci, sai na bari ta yi sau uku kafin in iya ɗauka. Na daina jiran ranar da tsoron zai tafi. Mun zama kamar mutum da tsohon ciwon gwiwa, ya san lokacin tashinsa, yana zuwa gona da shi.

Makon jiya da na ce muku zan je ta'aziyya, Kebbe na je. Na sami Alhaji Sanda a ƙofar gida da mutanensa. Na ce ina da magana, ya ce in faɗa a nan, duk 'yan gida ne. Na faɗa. Na ce ba ƙi ba ne, ba asma ba ce, ni na yi ƙarya shekara goma sha takwas. Na faɗi abin da likita ya ce, kalma da kalma, da Hausarsa marar nuna.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya yi dariya har hularsa ta zame.

"Gyaɗa? Gyaɗar da muka ba jinjirai cikin kunu? Kai Malam, boko ya gama da ku. Da kun ce ba shi so, sannan kun ce asma, yau kuma kisa. Gobe mi za ku ce? Ku kunka lalata yaron ga da lele. Bar min shi wata guda, in ba ka ishe shi shina tamnar ƙuli awa akuya ba, ka sake min suna."

Mutanensa suka taya shi. Ba zan iya jin haushinsa ba. Mutumin da ya ba da labari iri uku, don me za a gaskata na ukun? Goggonka tana bayan ƙyaure tana ji, kada ka sa ran za ta tsaya maka. Bello ne ya biyo ni har tasha, ya riƙe mini jaka, sai da mota ta kusa tashi ya ce, "Kawu, ni na gani. Ina nan."

Ga abin da ke jiranka. Alhaji Sanda ya ce zai yanka maka akuya ranar da ka iso, ya riga ya yi magana da mai tsire. Zai tara maƙwabta. Zai ɗauko tsinke mai yajin ƙuli da hannunsa ya miƙo maka a gabansu, don ya nuna musu yadda ake gyara ɗan boko, kuma da zuciya ɗaya zai yi, yana ganin taimakona yake yi. Mijin goggonka ne, mai masaukinka ne, ya girme ni. Duk abin da na koya maka da zama da tashi zai ce maka ka karɓa.

Kada ka karɓa.

In ya yi fushi, ka ba shi haƙuri kana durƙushe. In ya ce ka raina shi, ka ce ba ka isa ba, amma hannunka ya zauna a kan gwiwarka. In ya ce ka bar masa gida, ka ɗauki jakarka ka nemi ɗaki a gari. Na san abin da zai biyo baya. Asabe ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu, kuma mai yiwuwa ba za ta ƙara taka gidan nan ba. Wannan nawa ne, ni na jawo, ni zan je in yi ta durƙuso har a yafe ko a ƙi. Zumunci in ya yage ana ɗinkewa, ko da tabo. Kai ba ni da inda zan samo wani.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Ya tsare abin da zai shiga bakinka, ya ƙarfafa abin da zai fito daga cikinsa. Ya sanyaya maka zuciya a kan kwano, ya ba ka barci mai nauyi. Ya jiƙan Hajja, ya jiƙan Kulu, ya sa ta yafe mini. Ya dawo mana da kai da ƙafafunka.

In kun gama da maganar akuyar, ka kira innarka. Zan kasance kusa da ita, ina yi kamar ina neman wani abu.

Wassalam,
Mahaifinka.